Sharar Gidan Marigayiya Enid

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya, ga shi kuma wannan na gidanmu ne, bai kamata a ji shi daga bakin autar gida ba. Glenys da za ku ji mahaifiyata ce, Kieran yayana, Clive kuma kawuna. Zan riƙa kiran su da sunayensu kamar ban san su ba, don rubuta "Mama" nauyi yake yi mini. Abin da ban gani da idona ba, Norris Hedley ne ya ba ni. Inda aka samu kuskure, nawa ne.

Enid Dodd ta rasu lokacin haihuwar tumaki. Ta bar gida ɗaya a ƙarshen ƙauyen Elsburn, ta kuma bar masu zartar da wasiyyarta biyu, 'yarta Glenys da ɗanta Clive, wanda ke zaune can wani gari a bakin teku. Lauya ya ba su takardar neman izinin kotu don a sayar da gidan a raba. Glenys ta sa hannu a ranar. Clive ya ce zai karanta tukuna. Daga baya ya ce an yi wa gidan kuɗi da araha, sannan ya ce lauyan ne bai yi masa ba. Ya canza makullin ƙofa, wai kamfanin inshora ne ya ce, ya riƙe 'ya'yan makullin duka. Har ganye ya fara zuba bai sa hannu ba.

Gidan mamaci, muddin babu kowa a ciki kuma kotu ba ta ba da izini ba, ƙaramar hukuma ba ta karɓar harajin gida a kansa. Shi ya sa Glenys ta ruɗe da takarda ta zo musu su biyun, cewa hukuma tana da dalilin zaton akwai mai zama a gidan, kuma za a biya haraji tun daga ranar da aka fara zama. Washegari ta zagaya ta bayan gidan. Ta tarar an fasa tagar ɗakin ajiya. Da aka buɗe ƙofa a gaban 'yar sanda, babu agogon bango, babu zobban Enid, ga kuma kwarmin jikin mutum a katifarta.

Kafin yamma duk ƙauyen ya gama yanke hukunci. Kieran ɗan Glenys bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba, kan satar babur ɗin wata gona, kuma bisa sharaɗi aka sake shi. Ko tuhumar sa aka yi da wani laifin, za a mayar da shi ya ƙarasa sauran wa'adinsa.

*

Norris Hedley ya shekara arba'in yana tsaron dajin wani gandu, yana bin sawun dila da barewa da masu farauta ta ɓarauniyar hanya. Yanzu gwiwa ta zaunar da shi. Glenys ta same shi yana tsaga itace.

"Sajan Ridley, 'yar sandan nan, ta ce tsakiyar mako mai zuwa za ta kai rahoto wurin mai sa ido a kan Kieran," in ji ta. "Clive namu ya faɗa mata a gabana cewa ba sai an je nesa ba."

"Shi yaron me ya ce?"

"Ya rantse bai taka gidan ba tun ranar jana'iza."

Norris ya ajiye gatari. "Glenys, ni sawu nake bi, ba mutum ba. In ya kai ni ƙofarki, zan faɗa."

Ta daɗe tana kallon itacen da ke ƙasa. "Ka faɗa," ta ce. "Amma ni za ka fara faɗa wa."

Sun tarar da Clive a ƙofar gidan, da kwat da takalmi mai ƙyalli, yana karkaɗa makulli a yatsa. Dillalin motoci ne, bakinsa bai san hutu ba.

"A'a, har da mai bin dila aka ɗauko? Norris, ashe kana da rai! Ka duba da kyau, wannan dilan ƙafa biyu gare shi, kuma a gidan ƙanwata yake cin tuwon dare."

"Ka rufe mini baki, Clive," in ji Glenys. "Da ka sa hannu tun farko, da yanzu gidan na hannun masu shi."

"Da na sa hannu, da kin sayar da gidan Mama kuɗin kaji. Kuma ki ji, harajin nan daga rabonki za a cire. Wanda ya haifi ɓera shi ke biyan kuɗin buhu."

Norris ya bar su suna yi, ya shiga ciki. Ya sha ganin inda mutum ya ɓuya a gidan da ba nasa ba, kuma kullum hanci ke fara sani. Nan babu wari. An shimfiɗa bargo an cusa gefensa ƙarƙashin katifa. Wurin wanke-wanke tsaf. Labule a sauke. Ya buɗe kwandon shara na kicin, ya tarar da sabuwar leda a ciki, babu ko ɓawon ƙwai.

Hanyar gaban gida tsakuwa ce, ba ta riƙe sawu. Amma a baya, gindin katangar duwatsu, ƙasar lambu ta yi laushi. Nan ya durƙusa da ƙyar. Sawun babban takalmi ne, ya shiga ya fita, sabo a kan tsoho, tsoho a kan wanda ya fi shi tsufa. Ya sa tsinke ya tono abin da ya maƙale a zanen tafin. Garin katako ne.

A duk Elsburn, saurayi ɗaya ne ke aiki a injin yanka katako.

*

Norris ya cika alkawari, ya fara faɗa wa Glenys. Ba ta yi kuka ba, ta zauna ne kawai a kan matakala. Daga nan ya tafi injin, ya jira hutun rana. Kieran ya fito da burodinsa a hannu, da ya ga ko wane ne sai ya daina tauna.

"Ɗaga ƙafarka in gani," in ji Norris.

Bai ɗaga ba. "Baba Norris, wallahi ban shiga ɗakin ba."

"Ka ce wa uwarka ba ka taka gidan ba."

"To me zan ce? In ce ina tsallaka katanga kullum? Ni? Ai ko hamma na yi kusa da gidan mutum sai an kira 'yan sanda." Ya goge hanci da bayan hannu. "Kyanwar Kaka ce. Ta ƙi barin rumfar lambu. Sau biyu ina kai ta gidanmu tana gudowa. Kawu ya hana kowa shiga, sai nake kai mata abinci da rana."

"Ba ka taɓa ganin kowa ba?"

"Ban taɓa ba. Minti biyar nake yi in juya." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai kwanon. Ni ba na wanke shi, ba ni da lokaci. Amma wani lokacin sai in tarar an wanke an kife a kan bulo. Na ɗauka maƙwabciya ce, Misis Purvis."

"Hilda Purvis ta tsallaka katanga? Da wane ƙugun?"

Kieran ya yi 'yar dariya, ta mutu nan take. "Ba zan iya komawa can ba, Baba Norris. Ba ka san yadda wurin yake ba. In suka mayar da ni, ba ni ne zan fito ba."

Norris bai ce masa ya yarda ba, bai kuma ce bai yarda ba. Ya san dai sawun yaron ya tsaya ne a ƙofar rumfa, amma daga rumfar zuwa tagar da aka fasa daɓen dutse ne. Wannan ba zai ceci kowa ba.

*

A mashaya aka ba shi wani labarin. Wai an ga baƙo mai gemu da tanti a dajin bayan rafi. Norris ya kashe ranar Asabar cur a kansa, cikin yayyafi, gwiwa tana cizonsa. Ya samu wurin. Ciyawa ta riga ta tsiro a cikin tokar murhun, mai tantin ya tafi tun da daɗewa.

A hanyar dawowa ya bi bakin rafin da ya ratsa ta gefen gonar Enid. A wani lungu da masu kwasar itace ke juya mota, ya ga tabon baƙin mai, ɗigo a kan ɗigo, alamar mota ɗaya ta sha kwana a wurin. Daga nan zuwa gidan, gansakukar wasu duwatsun rafi ta goge. Mai bin hanyar bai taɓa sa ƙafa a laka ba, ya san kowane dutse da ke motsi. Norris ya tsaya yana lissafi. Rabin mazan ƙauyen sun yi wasa a rafin nan suna yara. Kieran ma haka.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne kwandon kicin. Mutum ya yi watanni yana ci yana sha, ina gwangwanayen? Ya duba bayan rumfa, ya duba rafi, ya tona inda ƙasa ta yi kama da an taɓa ta. Babu rami, babu toka. Sai da ya gaji ya jingina da ƙyauren gaba, sannan idonsa ya faɗa kan ciyawar bakin titi.

Akwai wani fili mai kusurwa huɗu, faɗin tabarmar ƙofa, inda ciyawar ta kwanta ta yi rawaya. A bayansa ƙananan ramuka biyu na taya. Ya juya ya kalli durom ɗin shara na hukuma, baƙi mai taya biyu, yana tsaye a gefen gida inda Enid ke ajiye shi. Ya ɗaga murfin. Babu komai, amma gindin da danshi.

Ya bi titin ya duba ƙofar maƙwabta. Kowa yana da inda yake tsayar da nasa, amma ciyawarsu kore shar. Motar shara safiyar Alhamis take zuwa Elsburn, kowa Laraba da yamma yake fitarwa, ya mayar kafin rana ta yi. Kwana ɗaya ba ya kashe ciyawa.

*

Hilda Purvis ita ce maƙwabciya mafi kusa, daga tagarta ana hango bakin ƙyauren Enid amma ba a ganin gidan. Ta dafa masa shayi, ta ajiye biskit biyu, ta mayar da gwangwanin kan kabad.

"Tsohon kwarto, sai yau ka tuna da ni?"

"Ina tsoron mijinki ne, Hilda."

"Ya shekara goma a ƙasa, kai ka ɗauki akwatin."

"Shi ya sa. Na san nauyinsa." Ya kurɓi shayin. "Durom ɗin gidan Enid fa, wa ke fitar da shi?"

Ta buga cinya. "Yauwa! Ni ba wanda ya tambaye ni, ita ma Sajan ɗin kan yaron nan kawai take tambaya. Ban taɓa ganin mai fitarwa ba, amma in na ɗaga labule safiyar Talata, ga shi nan a tsaye. Talata fa! Ya wuni, ya kwana, ya sake wuni, hankaki suna yi masa rawa a ka har Alhamis. Na ce Glenys ce ke kwashe tarkacen uwarta, baƙin ciki ya sa ta manta ranaku. Na so in yi mata magana, na ce a'a, a bar mai makoki."

"Kowane mako?"

"Bai taɓa fashi ba. Kuma hannun durom ɗin yana kallon titi, tsaf, kamar za a ɗauke shi hoto. Mu nan wa ke wannan iyayin?"

Norris ya ajiye kofi. Yanzu ya gane yadda hukuma ta sani: masu kwasar shara suna juye durom ɗin gidan da aka rubuta babu kowa. Ya kuma gane cewa duk wanda ya tashi ya zauna a Elsburn, ko cikin maye yake, ba zai fitar da shara ranar Litinin ba.

*

Ranar Litinin ya hau motar haya zuwa garin bakin teku. La'asar sakaliya ya isa layin su Clive. Daga farkon layin zuwa ƙarshe, baƙaƙen durom ne a jere a bakin titi, kowanne hannunsa na kallon hanya.

Sandra matar Clive ce ke jan nata. Ta gane shi daga wurin jana'iza.

"In shi kake nema, ka makara. Tun sati biyu bayan an binne tsohuwar na zuba masa kayansa a mota."

"Ina ya koma?"

"Ya ce wurin wani aboki. Wane aboki ya rage masa? An sallame shi daga aiki tun bara, kullum sai ya ɗaura laktaye a wuya ya fita da safe kamar mai zuwa ofis, ni ban sani ba sai da aka zo ɗaukar talabijin." Ta juya durom ɗin da ƙyar, tayar ta maƙale a gefen titi. "Abu ɗaya nake kewa. Shekara ashirin da wani abu, ko zazzaɓi yake, bai taɓa bari na taɓa wannan abin ba."

Norris ya kama mata suka tsayar da shi. A hanyar komawa bai ji daɗin da yake ji in ya kai ƙarshen sawu ba. Ya san Clive tun yana gudu a rafi da wando a yage.

*

Talata da hantsi suka taru a kicin ɗin Enid. Sajan Ridley ta zauna bakin tebur da hularta a cinya. Glenys da Kieran suna gefe ɗaya, Hilda ta kama kujerar kusa da murhu ba a gayyace ta ba, Clive kuma ya tsaya jikin taga yana duba agogon hannunsa.

"Mista Hedley, ina jin ka," in ji Sajan ɗin.

Norris ya fara da sawun Kieran, bai rage komai ba. Clive ya buɗe hannuwa. "To me ya rage? Na faɗa tun farko."

"Saura shara," in ji Norris. Ya faɗi maganar ciyawa, Hilda ta ƙara da nata har sai da aka tsayar da ita. Ya faɗi tabon mai da duwatsun rafi. Sannan ya dubi Clive. "Jiya na je layinku. Ran Talata motar shara ke zuwa muku. Sandra tana gaishe ka."

Clive ya baro jikin tagar. Ya jawo kujerar uwarsa ya zauna.

"Ka ɓoye mota a daji," in ji Norris a hankali. "Ka bi kan dutse, ka zauna a duhu, ka fita kafin gari ya waye. Ban taɓa bin mutum mai kula irinka ba. Me ya kai ka fitar da durom?"

"To a ina zan zuba?" in ji Clive. "A kicin ɗin Mama? Ɓeraye su shigo mata?"

"Ba ka ga yana kwana uku a waje ba?"

"Na ɗauka masu kwasar nan ne ba su da kirki."

Hilda ta yi wani sauti a maƙogwaro, ta toshe baki.

Sauran ya fito guntu-guntu, yana kallon tebur. In ya sa hannu za a sayar da gidan, ba shi da wurin kwana, rabonsa kuma masu bin sa bashi suna jira. Agogon da zobban ya sayar tun da daɗewa, ya ci abinci ya zuba mai. Da takardar haraji ta zo, ya san za a shigo a ga katifar, sai ya zagaya ya fasa tagar don a ce ɓarawo ne ya shiga.

"Da ka faɗa mini, Clive," in ji Glenys. "Akwai kujerar falo. Da ka faɗa."

"In zo in kwana a falonki? Ni, yayanki?"

Sajan Ridley ta sa hularta. Ta ce babu rahoton da za ta kai a kan Kieran, sai dai nan gaba in an tambaye shi ya faɗi gaskiya, ko da kyanwa ce. Ta ce Clive zai bi ta ofis, maganar haraji kuma tsakaninsa da hukuma, tunda shi ne mai zaman.

Kieran bai motsa ba. Tun da aka fara hannuwansa suna ƙarƙashin tebur. Sai da kawunsa ya miƙe sannan ya ɗago.

"Kawu, ka san mayar da ni za su yi?"

Clive ya tsaya yana gyara maɓallin kwat ɗinsa. Daga baya Norris ya ce mini ya yi fatan mutumin zai yi ƙarya, ya ce bai sani ba.

"Na ɗauka 'yan watanni ne," in ji Clive. "Kuma kai ka riga ka saba da wurin."

Glenys ta tashi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa tafin hannunta a gabansa, ta bar shi a buɗe. Ya daɗe yana laluben aljihu kafin ya ɗora mata makullan. Ta ƙirga su, ta rufe hannu, ta koma ta tsaya a bayan kujerar ɗanta ta dafa kafaɗarsa. Kieran bai bari kowa ya ga fuskarsa ba.

Ni kuwa duk wannan ina bakin ƙofar ɗakin ajiya, da butar shayin da aka ce in dafa, ta riga ta huce. Na ajiye ta a ƙasa yadda ba za ta yi ƙara ba, na ɗauki takalmina a hannu, na fice ta ƙofar baya kafin wani ya waiwayo.